Matuƙin da Ya Sunkuyar da Hancin Jirginsa

Akwai wani matuƙin ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu, wanda yakan kai magani ƙauyukan bayan tsauni. Wata rana da damina aka aiko cewa wata mata ta kwana biyu tana naƙuda, ga shi ruwa ya tafi da gada. Sai ya ɗauki wata tsohuwar ungozoma, Mama Rahila, suka tashi.

Suna gab da tsaunin sai hadari ya haɗo. Iska ta bugi jirgin, ta danna shi ƙasa. Matuƙin ya tsorata, ya ja sitiyari da ƙarfi don ya haye tsaunin. Hancin jirgin ya ɗaga, amma gudunsa ya ragu. Jirgin ya kama rawa kamar mai zazzaɓi, fiffike ɗaya ya karkata, suka soma faɗuwa.

Mama Rahila ta damƙe kafaɗarsa. "Ɗana, sama! Ka yi sama da mu!"

Shi ma abin da zuciyarsa take faɗa masa ke nan. Amma ya tuna abin da aka koya masa: jirgin da gudunsa ya ƙare, in aka ƙara ɗaga masa hanci, zai faɗo kamar dutse.

Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, sai mun yi ƙasa tukuna."

Ya cije leɓe, ya tura hancin jirgin wajen kwari. Itatuwa suka yi ta girma a idonsu. Sai gudu ya dawo, iska ta sake tallafar fukafukan, jirgin ya daidaita. Ya bi kwarin, ya kewaye hadarin, suka sauka a ƙauyen. Kafin la'asar matar ta haihu lafiya.

Ma'anar wannan misali ita ce: hadarin shi ne ranar wahala, ɗaga hancin jirgi kuwa girmankai ne. Sa'ad da ka yi faɗa da ɗan'uwanka, ko laifinka ya tonu, zuciyarka za ta ce, "Ɗaga kai, kada a raina ka." Waɗansu masu ƙaunarka ma haka za su ce, domin su ma tsoro suke ji. Kada ka saurare su. Ka durƙusa a gaban Ubangiji, ka je ka ce wa ɗan'uwanka, "Na yi laifi." Za ka ji kamar faɗuwa kake yi, amma a can ƙasa ne hannun Allah zai tallafe ka.