Gonar Nafi'u da Randar Kulu

An ce an yi wani saurayi, Nafi'u, da ya ƙudura sayar da gonar da ubansa ya bari don ya yi fim. Abokansa sun ji labarin fim ɗin, sun rantse ba a taɓa yin irinsa ba. Ana gobe dillali zai zo, ya shiga wurin kakarsa Iya Tabawa, ya tarar tana tsintar wake.

Ya ce, "Tsohuwa, sa min albarka."

Ta ce, "Faɗa min labarin tukuna, a numfashi ɗaya."

"Wani mutumin kirki ne, kowa na son sa, ya yi arziki."

"Me yake nema? Wa ya tare masa hanya? In ya rasa, me zai same shi?"



Ta ɗora da cewa, "Wannan ai kirari ne, maigidana, ba labari ba."

Ya fusata ya ce kowa ya yaba sai ita. Ta ce, "Haka aka yabi Kulu. Zauna ka ji.

"Kulu maginiya ce, matar mai unguwa. Ta gina randa, ta zuba mata zane, ta shanya. Mata suka yi ta guɗa. Dela mai daddawa kaɗai ta kifa randar, ta ga tsaga a gindi siririya kamar gashi. Ta ce, 'Yaya, jiƙa ta ki sake kwaɓawa tun ba ta ga wuta ba.' Kulu ta ce hassada ce. Dela ta ce, 'To saurari abin da ya sami Tanko makaɗi.

"'Fatar gangarsa ta saki, ya kaɗa wa abokai a zaure, suka ce daɗi. Ranar da ya kaɗa ta don kiran gayya a gonarsa, sautin bai ƙetare danga ba. Ba wanda ya fito da fartanya, ciyawa ta cinye geron. Masu cewa daɗi kuwa suna gonakinsu.'

"Kulu ta toshe kunne ta gasa. Randar ta fashe a wuta, ta farfasa tukwanen da ke gefenta. Cikin masu guɗar nan ba wadda ta zo kwasar tsingaro."

Iya Tabawa ta ture faifan wake. "Naka ɗanye ne har yanzu. Ka daina gaishe ni in ka so, ka kai ƙarata wurin kawunanka. Bakin nan ba zai ce yana da kyau ba, kuma ba da albarkata za a ƙona gonar ɗana ba."

 Nafi'u ya ɗauko waya ya ce wa dillali ya dakata.

Ya gyara zama. "Iya, in a ce mutumin kirkin nan ƙanensa ne ya kore shi daga gari fa?"

Ta jawo faifanta. "A kan me? Yi magana, ina ji."