Makarantar Gindin Tsamiya

Goggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, ita ta fara ba ni wannan labari muna ɓarar gyaɗa, ni ma lokacin na riga na yi jikoki.

An ce wani sarki ya yi zamani, mai son shiru ƙwarai. A bayan katangar fadarsa kuwa akwai wani tsoho, Malam Jatau, mai koya wa ƙananan yara karatu a gindin tsamiya. Kullum da hantsi muryoyinsu sai su cika fada, wannan na karatu, wancan na dariya. Ran nan sarki ya gaji, ya sa aka kira tsohon.

Ya ce, "Malam, kasuwa kake ci a bayan gidana?"

"Ya sarki, gona ce."

"Wace irin gona ce mai surutu?"

"Wadda shukarta ke komawa gida da ƙafarta, Allah ya ba ka nasara."

Sarki ko murmushi. Ya ce, "'Yata Asabe tana da malamai a cikin gida, ba a jin ko tarinsu. Gobe makarantarka ta tashi."

Tsoho ya ce, "Na ji, na bi. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ga labarin da yarana ke karantawa. Karanta wa malaman gimbiya suna dubawa, ka tsallake layi da gangan. Sa'an nan ka zo ka yi mana haka."

Sarki ya tara malaman, ya karanta, ya tsallake. Suka ce, "Daidai ne, ranka ya daɗe, karatu sai kai." Ya miƙa wa 'yarsa takardar. Ta yi ta kame-kame, rabi ma daga kanta take ƙagowa, su kuwa suna ta "daidai ne". Sarki ya karɓe takardar ya sallame su.

Washegari ya zo gindin tsamiya, ya zauna a tabarma cikin yara, ya karanta, ya tsallake. Sai wata 'yar mitsitsiya mai giɓi, Talatu, ta ce, "A'a, Baba, ina ka bar kurar? Ai ba ta shiga rami ba tukuna."

Dogarai suka zaro ido. Ita ko a jikinta. Ta kama yatsan sarki ta ɗora a kan layin, ta ce, "Nan. Sake."

Sarki ya sake. Da ya kai ƙarshe yara suka ɗau tafi, wani ya ce, "Ka ga, ashe ka iya." Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Malam Jatau ya ce, "Ya sarki, hayaniyar da ta dame ka ke nan. A gidanka ana tsoron 'yarka, a nan kuwa za a so ta da karatu."

Sarki ya sa aka fasa ƙofa a katangar, ya riƙo hannun Asabe da kansa ya zaunar da ita kusa da Talatu. Ya dubi fadawansa ya ce, "Ƙasar da yaro zai ce wa sarki ya sake, sarki kuwa ya sake, nan adalci ya sami wurin zama."

Ni dai karatuna bai yi nisa ba, ba zan ɓoye muku ba. Amma da gari ya waye na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma, na kira jikokina da na maƙwabta, na ce kowa ya zo da littafinsa. Na fara karantawa, ban kai layi na biyu ba jikata Larai ta kama min yatsa.