Muryar Baban Mele da Ta Tafi da Wutar Lantarki

Akwai wani mai haɗa bidiyo a nan garin Logan, sunansa Declan Petrakis. Gwani ne, amma in ka yabe shi sau ɗaya sai ya ƙara wa kansa biyu.

A ɗan ofishinsu akwai wata babbar kwamfuta da kowa ke aiki da ita. Declan ya ga ƙwaƙwalwarta na da faɗi, sai ya ɗauke ma'ajiyar wucin gadi daga faifan ajiya ya mayar cikin ƙwaƙwalwar, don kwamfutar ta riƙa gudu da tallar da yake haɗawa. Ya san sarai duk abin da ke can, da wuta ta ɗauke ya tafi. Bai gaya wa kowa ba.

Abokiyar aikinsa Mele Fonua, 'yar ƙasar Tonga, ta lura kwamfutar ta ƙara sauri, ta tambaye shi ko ya taɓa wani abu.

"Ke dai ji daɗinki, ki bar wa masu abin abinsu," ya ce yana dariya.

A makon ne Mele ta kawo tsohon kaset na marigayi babanta yana rera waƙar coci. Za a saka a taron buɗe dutsen kabarinsa, wanda dangi kan yi bisa al'adarsu. Ta naɗi muryar a kwamfuta, kaset ɗin kuwa ya tsinke ya cukurkuɗe a ƙarshen juyin. Ba ta damu ba, tunda kwamfutar kan adana aiki da kanta. Ba ta san yanzu a ƙwaƙwalwar nan take adanawa ba.

Da la'asar hadari ya taso, wuta ta ɗauke. Da wutar ta dawo, babu komai a kwamfutar, muryar ta tafi.

Mele ta ɗora wa kanta laifi, ta gaya wa mahaifiyarta cewa sakacinta ne. Tsohuwa ta daina yi mata magana. Declan kuwa ya zauna yana ta danne-danne kamar mai nema, alhali ya san babu abin da zai samo.

Washegari Mele ta kawo masa naman rago a ganyen gwaza, wai godiyar wahalar da ya sha. Wallahi kunya ta kama shi, ya ture kwanon ya faɗa mata gaskiya.

Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi, "Ba ni za ka gaya wa ba. Tashi mu je gida."

Ya cire takalmi a ƙofa, ya zauna a tabarma ƙasa da tsohuwar, ya zayyana komai. Ta saurara har ya gama, sannan ta jawo hannun 'yarta ta riƙe.

"Ɗan nan, kana ɗakin lokacin da aka kunna kaset ɗin?"

"Ina nan, Mama."

"To na yafe. Amma gaya mini, ya ka ji muryar mijina? Ni rabona da ita tun da aka binne shi."

Declan ya sunkuyar da kai. Ranar ya toshe kunnuwansa da abin sauraro yana duba saurin tallarsa. Ko kalma ɗaya bai ji ba.

Darasi: Kayan da kuke tarayya a kai, kada ka sauya masa saiti a ɓoye don naka aikin ya yi sauri. In kuma ka yi ɓarna, faɗa da wuri kafin wani ya ɗauki laifinka. Ku tura wa abokan aikinku su karanta.