Addu'ar Mama a Fayil Biyu

Akwai wani mutum mai suna Habila, sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta. Tun yana saurayi ya tafi birni, ya bar mahaifiyarsa da ƙanensa Nuhu a ƙauye. Ba faɗa suka yi ba. Aiki ne ya yi masa yawa, Kirsimeti ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, har zuwa gida ya zama masa abin kunya.

Mahaifiyar tana da wata addu'a da take yi kowace safiya kafin ta hura wuta, kalmominta ba sa canjawa. Bayan ta rasu, kewarta ta kama Habila ƙwarai. Ya zauna ya buga addu'ar a kwamfuta yadda ya tuna ta. Da yake bai da ƙarfin halin kiran Nuhu, sai ya tura masa saƙo cewa shi ma ya rubuto addu'ar yadda ya tuna ta. Nuhu ya turo, ko gaisuwa bai haɗa ba.

To, kun san mutanen kwamfuta, abin da ido zai iya dubawa sai sun ɗora wa na'ura. Habila ya rubuta 'yar manhaja. Za ta gwada layin farko na fayil ɗin da ya buga da layin farko na wanda Nuhu ya turo, na biyu da na biyu, haka har ƙarshe. Duk inda suka bambanta, ta shafa ja.

Layin farko ya dace. Daga nan allon ya yi ja har ƙasa.

Zuciyarsa ta karaya. Ya ce a ransa ashe nisa ya cinye masa har muryar uwarsa, kuma babu sauran abin da ya haɗa shi da Nuhu. Ya yi kwanaki bai waiwayi abin ba.

Da kewa ta ishe shi, sai ya buɗe fayil ɗin ƙanensa ya karanta da idonsa. Ga addu'ar nan kuwa, kalma da kalma yadda ya san ta. Layi ɗaya ne kawai ya ƙaru bayan na farko, shi ya tura sauran ƙasa, kowane layi ya kauce wa ɗan'uwansa. Layin ya ce, "Ka tuna da Habila a inda yake, ka juyo da ƙafarsa gida."

Ya kira Nuhu, ya tambaye shi daga ina wannan layin ya fito.

"Yaya, tun ranar da ka tafi Mama ta ƙara shi," in ji Nuhu. "Da ta rasu, ni na ci gaba da faɗa."

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Manhajar nan zuciyarmu ce. Abu ɗaya ya shiga tsakaninmu da ɗan'uwa, sai ta shafa wa komai ja, ta ce ba mu da sauran haɗi. Habila ya gyara manhajarsa: in ta ga bambanci, ta duba gaba, ta nemo inda layukan suka sake haɗuwa. Mu ma mu roƙi Ubangiji irin wannan gyara.

Kai kuma da ka yi nisa da gida, ko ka yi nisa da Allah, kana tsammani shirun da kake ji fushi ne. Ba ka san abin da ake faɗa a bayanka kowace safiya ba. Ana kiran sunanka. Ka tashi ka koma tun masu kiranka suna da rai.