Na Ɗaya a Ajin da Kowa Ya Faɗi

Akwai wani shugaban sashe a kamfaninmu na kayan mota a birnin Changwon, sunansa Pyo Deok-su. Mutum ne da ko cokali ka riga shi ɗagawa, sai ya yi mako yana hararar ka.

Sai kamfani ya kawo malamar Turanci ta koya mana, har da shi Pyo, sunayen muƙamai: wane ne darakta, wane ne manaja, wa ke ƙarƙashin wa. Baƙi za su zo daga Turai, kuma aka ce wanda ya yi na ɗaya a jarrabawa shi zai gabatar musu da manyanmu, a ƙara masa girma.

Seol Mi-ran, wata ƙaramar ma'aikaciya a sashenmu, ta daɗe tana jiran ƙarin girman nan. Ko a bas karatu take yi.

Ana gobe jarrabawa, Pyo ya tara mu wajen gasa nama, ya miƙa wa Mi-ran kofi ta zuba masa abin sha da hannu biyu.

"Ƙanwata, na ji bakinki ya fara zaƙi da Turanci. A gidanku ƙaramin yatsa yana fin babba tsawo?"

"A'a, Yallaɓai."

"Madalla. Kowa ya ji, ko?"

Kai, jama'a, wannan ai zalunci ne da rana tsaka! Yarinyar nan tana hawaye ta rubuta amsoshin da ta san ba daidai ba ne. Mu ma duk muka faɗi da gangan. Ni dai ban sha wahala ba, dama faɗuwa zan yi.

Pyo ya zo na ɗaya.

Ranar da baƙi suka iso, ga mai kamfani tsaye, ga manya a jere. Pyo ya buɗe baki, Turanci ya ƙi fitowa. Ya yi ruku'u. Ya sake yin ruku'u. Gumi har cikin kwala.

Ya raɗa wa Mi-ran: "Ƙanwata, ki cece ni!"

Da ni ne, wallahi sai na ƙura wa silin ido. Amma ita ta matso, ta gabatar da kowa tsaf, har da shi.

Mai kamfani ya dubi Pyo ya ce, "Wannan ce ta faɗi, kai ka ci? Wa ya hana ta ci?"

Duk muka zuba wa Pyo ido.

Yanzu Mi-ran ce ke sa hannu a takardar hutunsa.

Darasi: Wanda ya danne na ƙasa don a ga tsawonsa, ranar da aka ce ya miƙe zai sha kunya. Ku tura wa wani shugaba da kuka sani, amma kada ku ce ni na aiko ku.