Baba Kafinta da Tserensa na Ƙarshe

Akwai wani ɗan ƙwallo da ake kira Aradu, saboda ƙarfin shot ɗinsa. Shekara goma sha ɗaya yana ci wa kulob ɗinsa ƙwallo, kuma bakinsa bai taɓa barin kowa ba. In abokin wasa ya ɓarar da dama, a gaban 'yan kallo zai wanke shi tas.

Da ƙafa ta fara nauyi sai koci ya ajiye shi a benci. Yaran da ya saba zagi suka samu abin nema.

"Tsoho, je ka huta haka nan," in ji su, suna dariya.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Don ya nuna musu da sauransa, sai ya sa sunansa a gudun famfalaki na kilomita arba'in da biyu, wanda ake tsayar da agogonsa bayan awa shida.

Ranar tseren ya tsinci kansa kusa da wani dattijo ɗaure da bandeji a gwiwa. Baba Kafinta ake ce masa.

"Ɗana, wannan ne zuwana na biyar," in ji dattijon. "Ban taɓa isa kafin a tsayar da agogo ba. Likita ya ce daga bana gwiwar nan ta gama. Lambar yabon nan da ake ba wanda ya isa a kan lokaci kawai nake so in rataya a shagona. Kai dai bi a hankali, ka sha ruwa a kowane tebur."

Aradu ya kalle shi sama da ƙasa. "Baba, da ka zauna ka ci gaba da buga ƙusarka."

Ana busa usur ya fita a guje kamar mai bin ƙwallo. Yana ture mutane da kafaɗa, yana wuce teburan ruwa ko kallo babu, wai kada a sha gabansa. Wallahi mutumin nan ya ɗauka minti casa'in za a yi a tashi.

A kilomita na talatin da huɗu jijiyar cinyarsa ta ɗaure tam. Ya zube a gefen titi yana juyi, maƙogwaro ya bushe, ido ya yi ja. Ga kunya, don ya san yaran kulob suna can ƙarshen hanya riƙe da wayoyi.

Can sai ga Baba Kafinta yana tafe yana ɗingishi. Ya duba agogon hannunsa. In bai tsaya ba, zai isa da ragowar minti goma. Ya ja numfashi, ya durƙusa a kan wannan gwiwar tasa mai ciwo.

Ya miƙar masa da ƙafar, ya murza cinyar, ya ɗura masa ruwan gishiri da sukari daga gorarsa.

"Baba, don Allah ka tafi," in ji Aradu. "Lokacinka zai ƙare."

"Tashi ka dafa ni. Mu a nan ba ma barin mutum a ƙasa."

Haka suka rinƙa jan ƙafa. Wata mata da ta zo wucewa ta miƙa musu rabin lemonta, wani ya ce, "Saura kaɗan, kada ku tsaya!" Babu wanda ya san sunan wani.

Da suka isa an riga an sauke agogo, ana naɗe igiya. Minti goma sha huɗu suka makara. Baba Kafinta ya tsaya yana kallon akwatin lambobin ana sa shi a mota. Yaran kulob kuwa sun ɗauki bidiyonsu, sun yi dariyarsu, sun watse.

Baba bai sake gudu ba. Gwiwar ta kumbura, har tsayuwa a bakin teburin aiki ta gagare shi.

Bayan mako biyu Aradu ya nemo shagon. Ya same shi zaune cikin garin katako, sanda a jingine kusa da shi. Ya zo da kalaman ban haƙuri cike da baki, amma kafin ya furta ko ɗaya dattijon ya riga shi.

"A'a, ɗana ne? Ya cinyar, ta saki kuwa?"

Aradu ya tsugunna a ƙofar shagon, ya rufe fuska, ya fashe da kuka.

Darasi: Wanda ka raina yau, wataƙila shi ne zai ajiye burinsa don ya ɗaga ka gobe, kuma ba kowace asarar da aka yi dominka ce za ka iya mayarwa ba. Kada neman nasara ya sa ka ɗauki kowa abokin gaba. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.