Sunan Ɗiyar Mati Magini

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Baba, mun kasa kunne.

A wani gari an yi wata mata mai suna Hurera. Mijinta Mati magini ne, mai ginin ƙasa. Wata rana katanga ta rufta wa abokin aikinsa a gabansa. Tun daga ranar hankalin Mati ya gushe, ya ƙi shiga ƙarƙashin kowane rufi, yana cewa zai faɗo masa. Daga baya ya ɓace, ya bar Hurera da ciki wata biyu. Ta nemi labarinsa har ƙafafunta suka kumbura. Fatanta ɗaya, ya dawo kafin ta haihu.

A lokacin ƙaramar hukumarsu ta fara tattara marasa matsuguni da masu taɓin hankali don a kula da su.

Hajiya Rakiya, jami'ar jin daɗin jama'a, ita ta sami Mati a gindin tsamiya a wata kasuwar ƙauye, 'yan kasuwa sun kawo sarƙa za su ɗaure shi. Ta shiga tsakani ta ce, "Duk mai son ɗaure shi, ya fara da ni." Ba ta ja shi da ƙarfi ba. Kwana tara tana zuwa da koko da ƙosai, tana zama nesa kaɗan, har ya faɗa mata sunansa da na matarsa, ya yarda ya bi ta.

A asibiti Mati ya toge a bakin ƙofa. Malama Zulaihatu, ma'aikaciyar jinya, ta sa aka fitar da gado ƙarƙashin darbejiya. Babbansu ya yi faɗa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin muke wa magani ko mutumin?" Nan ta yi ta ba shi magani, ya tofar ta sake ba shi, har barci ya dawo masa. Ran da Hurera ta zo, ya dube ta ya kira sunanta.

Saura rufi. Aka kai shi gidan da hukuma ta ware wa masu murmurewa, ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakar gida, ga damina ta kawo kai. Likita ya ce in ruwa ya yi ta dukansa, ciwon zai iya dawowa. Inna Sa'ade, tsohuwar da ke dafa abincin gidan, ba ta lallashe shi ba. Ta tsaya a kansa ta ce, "Kai, an ce magini ne kai, ko ƙarya ake yi? Ga madafina na yoyo, kana nan kana cin tuwona." Mati ya tashi ya duba, ya ce wanda ya jera azarar nan bai san aiki ba. Ya kwaɓa ƙasa, ya sauke rufin ya sake shi da hannunsa. Ran da ruwan farko ya sauko da azahar, yana ciki yana duba ko zai ɗiga. Bai ɗiga ba, shi ma bai fito ba. A nan barci ya ɗauke shi.

Mati ya koma gida, ya sake rufin ɗakinsu. Ba a yi wata guda ba Hurera ta haifi ɗiya mace. Ya ce mata, "Ke kika sha wahala, ke za ki zaɓa. Cikin matan nan uku za mu yi wa ɗaya takwara."

Hurera ta yi kwana shida tana juya maganar. Ba don Rakiya ba, da yana cikin sarƙa. Ba don Zulaihatu ba, da bai gane ta ba. Ba don Sa'ade ba, da har yau yana tsakar gida. Ga safiyar suna ta yi, an raba goro, liman yana jira a zaure, ɗiya kuwa suna ɗaya za a raɗa mata.

Ƙurunƙus, nan na ajiye kan ɓerana, sauran naku ne. To, in ku ne Hurera, sunan wa za ku aika wa liman?